Shekarar da Ruwa Ya Janye Daga Kwarin Maje

Na san kun ji maganar da ake yi a kan littafin nan nawa na Kwarin Maje, ko da yake babu wanda ya taɓa kawo mini ita a cikinku. Wasu sun ce ba ni na rubuta shi ba, na yayana marigayi ne na kwafe na ɗora sunana. Wasu kuma, musamman tsofaffin matan da muka taso tare, cewa suke yi wani abu ne ya hau kaina a bakin ruwa ya riƙa faɗa mini ina rubutawa. Yanzu da ƙarfi ya fara ja baya, gara ku ji yadda abin ya kasance daga bakina, don kada ku tsaya musu da mutane a kan abin da ba ku sani ba, kada kuma ku riƙi wani a zuci saboda ni.

Kwarin Maje ƙauyenmu ne, can aka binne cibiyata, yau kuma yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Ina da shekara goma sha bakwai aka tashe mu saboda dam. Mu biyu ne maza a wurin Inna, kakarku: Yaya Haruna da ni. Ya girme ni da shekara takwas, shi ne ɗan boko na farko a gidanmu, kuma lokacin da aka yi tashin yana koyarwa a Kiru. Ni daga firamare ban ƙara gaba ba. Bayan an cika dam ɗin na samu aikin auna ruwa. Kowace safiya in sauka matakala, in duba inda ruwa ya tsaya a jikin ma'auni, in rubuta lamba. Fiye da shekara talatin ina wannan aiki, wato ina auna zurfin ruwan da ya ci gidanmu, kuma ban taɓa faɗa wa kowa cewa haka nake ganin abin ba.

Yaya Haruna shi ne mai rubutu a cikinmu. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya cika da tarihin ƙauyen, tun daga mafarautan da suka kafa shi har zuwa ranar da aka fita. Idan ya zo hutu yakan zauna a ƙofar ɗakin Inna, ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya karanta mana. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi yana da sauran ƙuruciya, ya bar ɗa guda, Nasiru, ko yaye shi ba a yi ba. Ranar sadakar arba'in na karanta littafin daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak. Daga nan Inna ta naɗe shi a cikin wani tsohon zani tare da carbin Baba, ta sa a ƙasan akwatinta. Shekara ashirin da biyu ban sake ganin ko bangonsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jana'iza. Mutanen Kwarin Maje sun warwatsu, wasu a Yako, wasu a Badafi, wasu sun yi kudu har Doguwa, kuma sai wurin mutuwa muke haɗuwa. Duk gawar da muka kai, in muna dawowa sai in lissafa a raina cewa an rage mutum ɗaya cikin waɗanda suka san inda kasuwarmu take ci. Wata rana na tambayi babbanku ko ya san sunan unguwar da aka haife ni, ya yi dariya ya ce ai Tiga ce. A makon na sayo littattafan rubutu guda biyu. Na ɗauki al'ada, in na dawo daga aiki na yi azahar, in shimfiɗa tabarma a zaure in zauna da su. Kwana uku ina kallon farar takarda. A rana ta huɗu na fara da rijiyar da take tsakiyar ƙauyen, sai ga magana tana zuwa kamar ana zuba mini ita. Na rubuta cewa rijiyar Kwarin Maje ba ta son hayaniya, in ka zo mata da surutu sai ruwanta ya yi ƙasa, in kuwa ka yi shiru ka zura guga a hankali za ka ji tana numfashi. Na karanta na sake karantawa, na ji daɗi ƙwarai, har na ce a raina ashe ni ma ina da wani abu.

Lokacin Inna tana wurina, ta tsufa sosai, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, haske da duhu kawai take bambantawa. Tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Rana ta take sosai, gidan ya yi tsit, mahaifiyarku ta shiga maƙwabta, ku kuma kuna makaranta. Na durƙusa kusa da ita na ce zan karanta mata wani abu. Ina kaiwa wurin numfashin rijiya sai hannunta ya tsaya. Ta ɗaga kai, amma ba ni ta fuskanta ba, bayan kafaɗata ta fuskanta, wajen ƙofar zaure.

"Haruna," ta ce, "yaushe ka zo?"

Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane abin da ya sa tsikar jikina ta tashi ba. Yaya Haruna ɗan fari ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, ko yana raye ko bayan ya rasu. "Wancan na Kiru" take ce masa. Ranar ce karon farko da na ji ta furta shi, kuma a sake ta furta, kamar wadda ta saba. Na waiwaya. Babu kowa a ƙofar zauren sai labulen buhu, shi ma ko motsi ba ya yi. Na ce mata ni ne, Isiya. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta kamar ba ta ce komai ba.

Da yamma na roƙe ta mabuɗin akwatin. Na kwance zanin, na buɗe littafin mai baƙin bango, na yi ta juya shafi har na iso kan rijiya. Ga maganata nan a rubuce da hannun Yaya Haruna, tawadar ta koɗe ta zama ja. Ba ta son hayaniya, ruwanta ya yi ƙasa, za ka ji tana numfashi. Kalma biyu ce kawai ta bambanta. Na zauna riƙe da littattafan biyu a cinya har aka kira magariba ban tashi ba.

Na ce wa kaina tsautsayi ne, na mayar da littafinsa na ci gaba. Na rubuta kasuwa, na rubuta marina, na rubuta shekarar da fara ta sauka a kan dawa. Amma wani abu ya riga ya shiga raina, duk shafin da na gama sai in je in karɓi mabuɗi in duba, kuma duk lokacin sai in tarar ya riga ni. Wani wurin jimla guda ce, wani wurin tsarin labarin ne baki ɗaya, inda ya fara nan na fara, inda ya saka abin dariya nan na saka. Sannan na lura da hannuna. Ni rubutuna a tsaye yake, gajeru, irin na mai rubuta lambobi. Sai na ga haruffan sun fara kwanciya gefen dama, suna fitar da dogayen wutsiyoyi irin nasa. Wata rana da rana tsaka mahaifiyarku ta leƙo zaure ɗauke da kwanon ruwa biyu. Na tambaye ta na waye ɗayan. Ta ce ta ɗauka baƙo na yi, don ta ji gyaran murya sau biyu, kuma ba irin nawa ba ne. Tana faɗa ta gane abin da ta faɗa, domin ta san shi, ta ajiye kwanon guda ta koma ciki da sauri. Daga ranar ba ta sake yarda ta wuce ta zauren ba in ina rubutu.

Abu biyu ne suka haɗu suka danne ni. Akwai tsoro, wannan ba na musu. In na zauna sai in ji kamar akwai mai tsayuwa a bayana, har wuyana ya riƙa sanyi a cikin zafin bazara. Amma abin da ya fi tsoron ciwo shi ne kunya. Na ga cewa ni ba komai ba ne sai ɓarawon mamaci, mutumin da ba shi da ko jimla guda tasa ta kansa. Na je Bebeji wurin wani malami, tsohon abokin Baba, na zayyana masa. Ya saurara har na gama, ya ce wanda ya mutu yana can da abin da ya dame shi, ba zai dawo riƙe wa wani biro ba. Ya ba ni addu'o'i, ya ce in yi wa ɗan'uwana sadaka. Na yi duka. Na samu sauƙin wuyan nan, amma kunyar tana nan. Ran wata Juma'a na tura littattafan nan nawa biyu da na sayo cikin murhu, na tsaya har suka cinye. Wata biyar ban sake rubuta komai ba sai lambar ruwa.

A shekarar nan damina ba ta yi kyau ba, ga shi ana ta sakin ruwa saboda masu noman rani. Kullum in na sauka sai in ga ruwan ya ƙara ja, har ya bar matakalar da ban taɓa taka ta a bushe ba. Wata safiya Tanko, wani masunci da muka saba, ya tsayar da kwale-kwalensa kusa da ni. Bayan mun gaisa ya ce can gabas wani tsibiri ya fito inda da babu, da kututturan itatuwa da duwatsu a jere kamar an shirya su da hannu. Ya ce tarunsa ya sha maƙalewa a wurin, kuma tsofaffin masunta sun ce nan ne garinmu. Ya tambaya ko ina so in gani. Na ce a'a. Bayan kwana biyu na aika a kira shi.

Mun tashi da hantsi, rana na tsaka muka isa. Katangu duk sun narke, wannan na san za a yi. Abin da ya rage shi ne abin da ruwa bai iya ci ba. Ga kututturan maje sun yi baƙi ƙirin, sun yi santsi. Ga bakin rijiyoyin marina a jere, kowace cike da ruwa har baki. Ga duwatsun murhu uku-uku, da duwatsun da ake ɗora rumbu, da fasassun tukwane. Lakar ta bushe a sama ta tsattsage, amma in ka taka sai ta nutsa. Babu iska, babu kukan tsuntsu, balbelu ma suna can nesa a wani tudu ba su matso ba. Wurin yana warin kifi da ruɓaɓɓen itace. Tanko ya ce shi zai jira a jirgi.

Na tuɓe takalmi na shiga. Daga marina na gane hanya, domin ƙafata ta san ta. Ban yi nisa ba na ga sawun mutum a gabana, ƙafa ba takalmi, babba, ya nutsa sosai a cikin laka, gefensa bai ko bushe ba. Na ɗaga murya na tambayi Tanko ko wani ya rigaye mu zuwa. Ya ce wataƙila makiyaya ne ko masu neman itace. Na duba, babu sawun saniya, kuma ruwa ya kewaye tsibirin ta ko'ina. Sawun ya bi hanyar da ni ma zan bi. Ya wuce rijiya, ya karya ta inda masallaci yake, ya shiga ta inda zaurenmu yake, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a daidai ɗakin Baba. Ƙafa biyu a jere, kamar mutum ya tsaya yana kallon ƙofa. Daga nan babu wanda ya ci gaba, babu wanda ya juya.

Na tsaya a gefen sawun nan. Ina so in gudu, amma abin da ya same ni a wurin ba gudu yake so ba. Hannuwana ne suka yi nauyi, daga kafaɗa har yatsu, irin nauyin mai ɗauke da kaya. Kuma na san kayan. Ƙafafun Baba ne.

Ga abin da Yaya Haruna ya rubuta game da ranar tashi. Ya ce mahaifinmu shi ne ya fara hawa babbar mota, yana ba mutane haƙuri, yana cewa ƙasa duk ta Allah ce. Haka kowa yake faɗa, haka aka faɗa wa Yaya da ya zo bayan mako guda, haka ya rubuta da zuciya ɗaya. Amma shi yana Kiru ranar. Ni ina nan. An gama loda kaya, mata da yara sun hau, aka nemi Baba aka rasa. Ya shiga ɗakinsa ya sa sakata. Liman ya yi magana ta bakin ƙofa, mai unguwa ya yi, bai amsa ba. Direba yana ta matsa a tafi. Ƙarshe aka ɓalle ƙyauren, aka same shi zaune a ƙasa ya rungume ginshiƙin ɗakin da hannu biyu. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar kuka yake yi kamar ƙaramin yaro, yana kiran sunayen mutanensa da ke maƙabarta, ubansa, uwarsa, da 'ya'yansa uku da suka mutu suna ƙanana, yana cewa wa zai bar wa su. Mutum uku suka ɓamɓare hannuwansa. Yana ta shure-shure, sai mai unguwa ya juyo ya ce in kama ƙafafun. Na kama. Hularsa ta faɗi aka tattake. Muna cikin tafiya da shi a tsakar gida ya ɗago kai ya ga wanda yake riƙe da ƙafafunsa, sai ya daina shurin.

"Har da kai, Isiya?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya yi shekara shida a sabon wuri kafin ya rasu, bai taɓa tayar da maganar ba, bai taɓa yi mini faɗa ba. Amma daga ranar bai sake yarda in zuba masa ruwan alwala ba, bai sake bari in ɗauko masa takalmi ba. In na miƙa hannu sai ya ce in bar shi, zai iya. Mutanen ƙauyen kuma, don su rufa masa asiri, suka haɗu a kan labarin nan mai kyau, har ni ma na riƙa faɗarsa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Muryar Tanko ce ta dawo da ni, yana cewa mu tafi, wurin nan bai kwanta masa ba. Na koma jirgi, ya tuƙa mu zuwa gaɓa. Ina isa gida na tarar babu takarda, sai na ɗauki littafin makarantar ɗaya daga cikinku na juya ta baya. Na zauna a zauren nan da nake tsoro, na rubuta ranar tashi kamar yadda na faɗa muku yanzu. Ban ji kowa a bayana ba, ko kuma ban kula ba. Maganar ba ta zo da santsi irin ta rijiya ba, da ƙyar take fita, ina gogewa ina sakewa, wani wurin ina dannawa har biron ya huda takarda. Da na ɗago magariba ta gabato. Na duba rubutun, ga shi nan gajere a tsaye, mummuna, nawa. A nan na gane abin da nake yi duk watannin nan. Na yi ta bin sawun Yaya ne, ina rubuta kasuwa da marina da fara, saboda duk inda ya taka babu abin da zai cije ni. Abin da yake nawa ni kaɗai, shi nake kewayewa.

Washegari na kai wa Inna. Na ce zan karanta mata wani abu mai nauyi, in ta ce in ƙone zan ƙone. Tana cikin motar ranar, ta ga komai, amma ni da ita ba mu taɓa yin zancen ba. Na karanta har ƙarshe. Hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba. Da ta buɗe baki, gyara ta yi mini. Ta ce hular da ke kansa ranar ba dara ba ce kamar yadda na rubuta, haɓar-kada ce, ita ta ɗinka masa, kuma ita ta sauko daga mota ta tsince ta. Na gyara a gabanta. Sannan na faɗa mata abin da ya dame ni game da rijiya, cewa na rubuta abin da Yaya ya rubuta ba tare da na duba ba. Sai ta yi 'yar dariya. Ta ce ai maganarta ce, haka take faɗa mana tun muna bin ta ɗiban ruwa don mu daina yi mata surutu a bakin rijiya, ita ma a bakin uwar mijinta ta ji. Labarin fara na Baba ne, na marina kuma na wani makaho ne da yake zama a ƙofar masallaci. Ta ce nono ɗaya muka sha, gida ɗaya muka ji magana, to da bakin wa nake so in yi tawa? Da na ga ta saki jiki sai na tambaye ta ranar da ta kira sunan.

"Ni? Ban kira sunan kowa ba," ta ce. "Amma ya zo kam. Ya daɗe a tsaye a bayanka yana leƙa takardar. Ni da ba na ganin tafin hannuna, shi na gan shi sarai."

Ban san abin da zan ce muku a kan wannan ba, kuma ban san sawun waye na gani a laka ba. Na faɗa muku ne yadda ya faru. Abin da na sani shi ne daga ranar na ci gaba da rubutu ban sake karɓar mabuɗin akwati ba. Inda maganar Inna ta zo na ce ta Inna ce, inda na san Yaya ya riga ni na ce ya riga ni, sauran kuma na bi tsofaffinmu gida-gida a kan babur, daga Yako har Doguwa, na ji daga bakinsu.

Da aka zo kai littafin wurin mai bugawa a Tudun Wada, mahaifiyarku ta roƙe ni in cire babin Baba. Ta ce mutumin ya mutu da mutuncinsa, kuma akwai waɗanda ba za su yafe mini ba. Gaskiyarta ce, na kuma yi kwanaki ina juya maganar. Na koma wurin Inna na ce ita za ta yanke.

"Ka bar shi," ta ce. "Kuka ya yi don gidansa, ba sata ya yi ba."

Na bar shi, kuma na biya. Nasiru, ɗan Yaya Haruna, lokacin ya girma yana aikin gona na gwamnati a Doguwa. Yaron da na yi wa kaciya, na yi masa aure. Ya zo har zauren nan da littafin a hannu, bai zauna ba. Ya ce na mayar da ubansa maƙaryaci, na mayar da kakansa mahaukaci, sannan na kwashe maganganun ubansa na yi suna da su. Bai san mahaifinsa ba sai ta littafin nan mai baƙin bango, ni kuma na zo na ce akwai shafin da ba daidai ba a ciki. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya juya ya hau babur ɗinsa. Daga bakinsa maganar kwafe ta fara fita, kuma ina so ku sani ban taɓa jin haushinsa ba. Shekara uku bai taka gidan nan ba, ko da Sallah. Ranar da Inna ta rasu ya zo, ya yi salla a ƙarshen sahu, ya tafi ba mu gaisa ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na aika masa da littafin ubansa da carbin Baba, domin shi ya fi cancanta ya riƙe su. Bai aiko da amsa ba.

Sai wata ranar Asabar bayan damina na ji sallama, na fito na gan shi a tsaye. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya ce yana so a kai shi wurin. Na ce ruwa ya cika, babu abin da zai gani. Ya ce duk da haka. Muka nemi Tanko, ya tuƙa mu. Ruwa ne shimfiɗe ko'ina, ga iska mai daɗi, ga masunta can suna jefa taru. Da muka yi nisa Tanko ya dubi wani dutse a gabas, ya dubi wani a kudu, ya ɗaga filafili ya ce nan ne.

Nasiru ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya tambaye ni ta ina ɗakin babansa yake. Na nuna masa da hannu, na ce dama da rumbu, ƙofarsa tana kallon gabas. Na ce a kan rumbun nan yake hawa ya ɓuya da littafi don kada a aike shi gona, har wata rana barci ya ɗauke shi ya faɗo cikin akurkin kaji, ya karya haƙorin gaba, shi ya sa duk hotunansa bakinsa a rufe yake. Nasiru ya ce bai taɓa jin wannan ba, babu shi a littafin babansa, babu shi a nawa. Na ce akwai irinsa da yawa. Ya shafa aljihunsa ya zaro biro, ya nemi takarda bai samu ba sai wani katin gayyatar ɗaurin aure. Ya juya bayansa ya ɗora a gwiwa, jirgin yana ɗan rausaya da mu.

"Baffa, a hankali," ya ce. "Sake faɗa daga wurin rumbun."